Kàngmìng: Kalmar Sinanci Ta Bijire Wa Umarni

Yau kalma ɗaya tak za mu koya, ta Sinanci: kàngmìng, wadda ake rubutawa 抗命. Ma'anarta bijire wa umarnin na sama.

Bari mu fara da furuci. Gaɓoɓin biyu duk da sauti mai faɗuwa ake faɗarsu, murya ta taso daga sama ta sauko. Wannan ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe. Ku faɗi "mai" na girki, ko "kai" na jiki. To haka: kàng, mìng.

Kàng na nufin turjewa. A gefen hagu na harafin akwai alamar hannu, kamar mutum ya sa hannu ya tare abu. Mìng kuma umarni ne, amma fa ita ce dai kalmar rai da ƙaddara. Sarakunan daular Zhou sun ce mulkinsu tiānmìng ne, wato umarnin sama, kuma sarki azzalumi kan rasa shi. Juyin juya hali ma gémìng ake ce masa, wato kawar da wancan umarnin.

Idan aka sa gōngmín, ɗan ƙasa, a gaba, sai a samu gōngmín kàngmìng: ƙin bin doka a fili cikin lumana. Kalmar ta yi tashe a Hong Kong a 2014, lokacin da jama'a suka mamaye manyan tituna har kwana 79. Buƙatarsu su zaɓi shugaban yankin ba tare da an tace musu 'yan takara ba. Da lema suka riƙa kare fuskokinsu daga barkonon 'yan sanda.

Ga inda nake so mu tsaya. A watan Disamban shekarar, Benny Tai, malamin shari'a a jami'a, da abokan tafiyarsa suka kai kansu ofishin 'yan sanda. A 2019 aka yanke masa wata 16 a gidan yari. Buƙatar kuwa ba a biya ta ba.

Kenan a fahimtarsu, mai kàngmìng ba ya jifa ya ɓoye hannu. Yana karya dokar da sunansa, ya tsaya ya karɓi hukuncin.

To kai fa, akwai umarnin da za ka ƙi bi ko da ka san abin da zai biyo baya? Ku ajiye mana ra'ayinku a ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.