Abubuwan da ya kamata ka sani: yadda ƙafa ke jawo ciwon baya

Me ya haɗa tafin ƙafa da kwankwaso?

Ƙafa ɗaya, daga idon sawu zuwa yatsu, tana da ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33, kuma ita ke fara karɓar nauyin jiki a kowane taku. Idan diddige na ciwo, ko tafin ƙafa ya shimfiɗe har idon sawu ya karkata ciki, mutum kan sauya tafiyarsa ba tare da ya sani ba. Sai gwiwa ta murɗa, ƙugu ya jirkice, naman baya ya riƙa aikin da ba nasa ba. Bayan watanni sai a ji yana kukan kwankwaso, ana ta shafa man zafi a inda ba nan cutar take ba.

Ba kowane ciwon baya ne daga ƙafa ba. Amma a Jos, garin hawa da gangara da duwatsu, mai dakon buhun dankali a kasuwar Farin Gada sanye da silifas ya cancanci a duba ƙafarsa tukuna.

Yaya za ka gane?

Juya takalminka ka dubi ƙasansa. In gefe ɗaya ya fi cinyewa sosai, ko ƙafa ɗaya ta riga ɗaya cinye nata, takunka ba daidai yake ba. Takalmin gwanjo kuwa ya riga ya ɗauki takun mai shi na farko.

Sanyin hunturun Jos na kawo faso, faso kuma na sa ɗingishi. Ga mai ciwon suga abin ya wuce haka: jijiyoyin ƙafa kan mutu, ƙusa ta soke shi bai ji ba, ƙaramin rauni ya zama gyambo, har ya kai ga yanke ƙafa. Ya riƙa duba ƙafarsa kullum, har tsakanin yatsu.

Wa ke duba ƙafa a nan?

A Ingila da Amurka likitancin ƙafa fanni ne mai zaman kansa. A Najeriya masu wannan ƙwarewa ƙalilan ne, aikin ya koma hannun likitocin ƙashi da masu gashin ƙashi, irin na asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, da asibitin Jankwano, da asibitin ƙashi na Dala a Kano.

Masu ɗori fa?

Ɗori sana'ar gado ce, ɗa ya koya a hannun uba, kuma jama'a sun yarda da su saboda sauƙin kuɗi da kusanci. Ina girmama wannan gado, sai dai hannu ba ya ganin abin da hoton ƙashi ke gani. Karayar da ta haɗe a karkace kan gajarta ƙafa, mai ita ya shekara goma yana fama da baya bai san mafari ba. Ɗaurin da ya matse kuma yana tsayar da jini. In yatsu suka yi sanyi, suka yi baƙi ko suka daina ji, a kwance ɗaurin a nufi asibiti a ranar.