Zaman Maƙwabtaka a Gidajen Haya na Legas

Gabatarwa

Hausawa na cewa, "Zo mu zauna, zo mu saɓa." Duk wanda ya taɓa zama a gidan haya a birnin Legas ya san gaskiyar wannan karin magana. A gidan gargajiya na Bahaushe, ko kuma wanda Yarabawa ke kira "agbo ile", jini ne yake tara mutane wuri guda: kaka da 'ya'yansa da matansu da jikoki. A gidan haya kuwa, babu wanda ya zaɓi maƙwabcinsa. Bayarabe da ɗan ƙabilar Ibo da Bahaushe da mutumin Edo sukan tsinci kansu a ƙarƙashin rufi ɗaya, kowa da harshensa da addininsa da abincinsa. To, mene ne yake mayar da waɗannan baƙi su zama maƙwabta? Wannan muƙala za ta yi ƙoƙarin nuna cewa abubuwan da suke tarayya a kansu ne, kamar wuta da ruwa da shara da ƙofar gida, suke ƙulla zumuncin. Ni kaina a irin wannan gida na tashi, a unguwar Isolo.

Ire-iren Gidajen

Gidajen da talaka da matsakaicin ma'aikaci suke zama a Legas sun kasu kashi biyu manya. Na farko shi ne wanda ake yi wa laƙabi da "face-me-I-face-you", wato fuskance ni in fuskance ka. Ɗakuna ne a jere dama da hagu, da dogon lungu a tsakaninsu, ƙofar kowa tana kallon ta ɗan'uwansa. Madafa da banɗaki da makewayi duk suna bayan gida, kuma na kowa da kowa ne.

Na biyu shi ne bene mai sassa, inda kowane iyali yake da falonsa da ɗakunansa da madafarsa. Ana ganin irin wannan a rukunin gidajen gwamnati. Alhaji Lateef Jakande, wanda ya yi gwamnan jihar Legas daga 1979 zuwa 1983, ya gina rukunan gidaje masu sauƙin kuɗi a wurare kamar Amuwo-Odofin da Iponri da Abesan da Oke-Afa ta Isolo, kuma har yau da sunansa ake kiran su. Kafin nan Gwamnatin Tarayya ta gina garin Festac domin baƙin bikin al'adun baƙar fata na 1977, daga baya aka raba gidajen ga 'yan ƙasa ta hanyar ƙuri'a. Da yawa daga waɗanda suka mallaki sassa a waɗannan rukunai sun tashi, sun zuba 'yan haya.

Abubuwan da Ake Tarayya a Kansu

Abu na farko shi ne wutar lantarki. A gidan da mita ɗaya ce, idan takardar kuɗin wuta ta zo, sai a zauna a raba. Ba a rabawa daidai wa daida. Ana bi ɗaki ɗaki a ƙirga kayan wuta: ƙwan fitila nawa, fanka nawa, akwai firji ko babu, akwai dutsen guga ko babu. Mai firji ba zai biya daidai da gwauron da ke da ƙwai ɗaya da rediyo ba. A nan ne ake gane mai gaskiya, domin akwai wanda yakan ɓoye abin dafa ruwa a ƙarƙashin gado ranar ƙirga. Idan mutum ɗaya ya ƙi biya har aka yanke wuta, gidan gaba ɗaya ne zai kwana a duhu. Saboda haka sau da yawa wani yakan biya wa wanda albashinsa ya yi jinkiri, ya karɓa daga baya.

Na biyu shi ne ruwa. Unguwanni da yawa ba sa samun ruwan famfo, don haka ana dogara da rijiya ko rijiyar burtsatse. A bene, sai an kunna injin da ke tura ruwa zuwa tankin da ke sama. Da zarar an kawo wuta, ko da tsakar dare ne, wanda ya fara farkawa shi zai sauko ya kunna injin. Ba don kansa kaɗai yake yi ba. In kuwa injin ya lalace, kuɗin gyara a kan kowa yake.

Na uku shi ne tsafta. Akan manna takarda a bango mai ɗauke da jerin sunaye: yau ɗaki na ɗaya ke da sharar lungu da wankin banɗaki, gobe ɗaki na biyu. Tun zamanin yaƙi da rashin ɗa'a na gwamnatin Buhari da Idiagbon a tsakiyar shekarun 1980 aka saba da tsaftar Asabar ɗin ƙarshen wata, inda ake hana zirga-zirga daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe. A shekarar 2016 gwamnatin jihar Legas ta soke wannan tsari. Waɗanda suka tashi a lokacin suna tuna cewa a bakin kwata, da shebur a hannu, magidanta da yawa suka fara sanin sunayen juna.

Na huɗu shi ne ƙofa. Ana yarda a kan lokacin kulle ta da dare, ana kuma haɗa kuɗin mai gadi. Wanda aikinsa na dare ne dole ya sanar, ko a yanka masa mabuɗi.

Taron 'Yan Haya

Duk waɗannan abubuwa ba sa tafiya sai da shugabanci. A gidaje da yawa akan yi taro sau ɗaya a wata, a zaɓi shugaba da magatakarda da ma'aji. Galibi wanda ya fi daɗewa a gidan ko ya fi shekaru shi ake ba shugabanci. Akwai littafin da ake rubuta wanda ya biya da wanda ake bi, akwai kuma tara ga wanda ya tsallake ranar shararsa. Idan mai gida ba ya zaune a wurin, wakilinsa ne ke karɓar haya ya kai masa koke.

Taron yana da wani amfani kuma. Ɗan haya ɗaya ba shi da murya a gaban mai gida, amma mutum goma suna da ita. Dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ta hana a karɓi kuɗin fiye da shekara ɗaya a hannun sabon ɗan haya, ta kuma tanadi sanarwar wata 6 kafin a tashi mai biyan shekara-shekara, in babu wata yarjejeniya daban a tsakaninsu. Mutane da yawa a bakin maƙwabci suka fara jin wannan doka.

Yadda Ake Kiran Juna

Wannan sashe zai fi jan hankalin ɗalibin harshe. A gidan haya ba a cika kiran babba da sunansa na yanka ba. Mace akan kira ta da sunan ɗanta na fari: Bayarabiya "Iya wane", 'yar Ibo "Mama wane", kamar yadda Hausawa suke cewa Maman wane. Mai tagwaye ita ce "Iya Ibeji". Wasu da sana'arsu ake kiran su, kamar Tela ko Ticha, wasu kuma Alhaji ko Alhaja. Yara suna kiran kowane babba anti ko kawu, ko da babu dangantaka. Ta haka harshe yake sa wa baƙo rigar ɗan'uwa.

Harshen da ke haɗa kowa shi ne Turancin Buroka da Yarabanci, amma Hausa ma tana da wurinta a bakin ƙofa. Mutanen Legas suna cewa "mai ruwa" ga mai tura kurar jarkoki, suna cewa "mai shayi" da "mai suya", kuma kalmar "wahala" ba ta barin bakin kowa. Sai dai akwai abin lura game da kalmar "aboki". A Hausa kalma ce ta ƙauna, amma a Legas wasu sun mayar da ita sunan duk ɗan Arewa mai ƙaramar sana'a, har wani lokaci tana ɗauke da raini. Mutum zai yi shekara biyar yana gadin gida, babu wanda ya san sunansa. Mu da muke karatun Hausa ya kamata mu fara gyara wannan: mu tambayi sunansa, mu ce Malam wane, mu gaishe shi da "Ina kwana, ya aiki?"

Ranar Daɗi da Ranar Wuya

Ranar Babbar Sallah, wadda Yarabawa ke kira "Ileya", nama yakan shiga kowane ɗaki, na Musulmi da na Kirista. Ranar Kirsimeti kuma kwanon shinkafa da kaza yakan dawo. Idan ana suna ko biki, matan gida su ne masu girki, su ne kuma masu fara sayen anko, wato "aso ebi". Haka nan suna yin adashi, wanda Yarabawa ke kira "esusu" ko "ajo", kuma da shi wasu ke biyan kuɗin makaranta ko haya.

Amma ranar wuya ce take nuna amfanin maƙwabci. Idan naƙuda ta tashi da ƙarfe biyu na dare, dangin mai ciki suna Enugu ko Kano ko Ilorin, ƙofar mai mota ake bugawa. Uwar da ta makara a cunkoson motoci ta san akwai wadda za ta ba 'ya'yanta abinci. A lokacin kullen cutar korona, wanda ya fara a Legas ranar 30 ga Maris 2020, mazauna unguwanni da dama sun riƙa fitowa da dare suna hura wuta a kan titi suna gadin gidajensu tare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saɓani

Ba za a ce zaman babu matsala ba. Layin banɗaki da asuba, da hayaƙi da ƙarar janareto a ƙarƙashin tagar wani, da igiyar shanya, da faɗan yara da ke komawa na iyaye, da tsegumi, duk suna haddasa rigima. A bene kuma akwai ruwan da ke yoyo daga sama zuwa silin na ƙasa. Abin lura shi ne, abin da ke kawo faɗan shi ne ke kawo sulhu. Mata biyu da ba sa ga-maciji dole su haɗu gobe a bakin famfo ɗaya, don haka gaba ba ta daɗewa.

Abin da ke Sauyawa

Tun bayan da aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni masu zaman kansu a 2013, mitar kati tana ƙara yaɗuwa, kowane sashe da tasa. Mai hali yana sa tankinsa da janaretonsa ko na'urar hasken rana. Taron wata-wata a wasu gidaje ya koma zauren WhatsApp. Wannan ya rage rigima, kuma babu mai son komawa ƙirgar ƙwan fitila. Sai dai ya rage dalilin buga ƙofar juna. Yanzu ana iya shekara a bene ɗaya ba a san na sama ba sai ƙarar takalminsa.

Kammalawa

A taƙaice, maƙwabtaka a gidan haya ba a gadon ta, gina ta ake yi, kuma a da larura ce take tilasta ginin. Yanzu da larurar take raguwa, aikin ya koma hannunmu. Yawancinmu ɗalibai a gidan haya muke zaune a wajen makaranta, kuma a irinsa za mu fara zama bayan mun gama. Mu halarci taro, mu biya kasonmu a kan lokaci, mu san sunan na kusa da mu tun kafin ranar da za mu buƙace shi. Hausawa dai sun ce zumunta a ƙafa take, kuma a gidan haya tafiyar ba ta wuce taku biyar ba.