Wa ke duba ruwan da muke sha?

Malaman fiƙihu sun karantar da mu cewa ruwa yana nan bisa tsarkinsa muddin launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su jirkita ba. Amma abin da ya auku a Tibirin Gobir, cikin gundumar Gidan Rumji, ya bayyana cewa ruwan da ya halatta ga alwala yana iya zama musiba ga ƙashin yaro. Tun daga 1985 har wajen 2000 jama'ar garin suka yi ta shan ruwan wata rijiyar burtsatse wadda sinadarin fulorayid ya yi wa yawa, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta iyakance shi ga miligiram 1.5 a kowace lita, har yara masu ɗimbin yawa suka tashi da haƙora masu tsatsa da ƙafafu a lanƙwashe, Allah ya kiyaye na gaba.

A 2001 hukumar Nijar ta raba amanar ruwan birane: kamfanin SPEN ke mallakar rijiyoyi da tankuna, kamfanin SEEN kuwa ya riƙa rarrabawa, kafin kamfanin NDE ya gaje shi a 2024, dokar ruwa ta 2010 kuma ta ɗora wa hukuma wajibcin kula da ingancin ruwan.

Sai dai a ƙauyukan Agiye da Gazawa, inda ƙananan famfuna ke hannun ƙananan hukumomi da masu kwangilar da suka ba riƙo, awon ingancin ruwa na farko ranar haƙa rijiya bai wadatar ba. Haƙƙin talakawa ne a maimaita shi lokaci-lokaci, a kuma karanta musu sakamakon a bainar jama'a.