Robar da ake sa wa yaro a hanci ba alamar mutuwa ba ce

Jama'a masu saurare, da ƴan uwanmu na Legas, Abijan da Libiya masu bin mu ta salula, akwai wata magana da ke yawo a garuruwanmu wadda muke son mu warware. Ana cewa in likita ya sa wa mara lafiya robar iska a hanci, to, sai dai a fara haƙuri. Har akwai iyayen da ke ƙin yarda a sa wa ɗansu, wasu kuma su zare ta in majo ya ba da baya. Gaskiya ne ana rasa wasu da robar a hancinsu, amma ba ita ke kashe su ba. Sau da yawa an kai su ne bayan ciwo ya riga ya ci ƙarfinsu.

Iskar nan ana ce mata oksijan, kuma ba baƙuwa ba ce. Tana cikin iskar da muke sheƙa kullum, kashi 21 cikin 100. Huhu ne ke tura ta cikin jini, jini ya kai ta ga ƙwaƙwalwa da zuciya. In huhu ya kumbura ko ya cika da majina, abin da ke shiga jini sai ya yi ƙasa, ƙwaƙwalwa kuwa ba ta jure rashinta sai na ƴan mintoci. A gidan likita akwai wani ɗan abu kamar matsin shanya da ake maƙala wa a yatsa, ya nuna lamba. Mai lafiya yakan nuna 95 zuwa sama. In lambar ta sauka ƙasa da 90, ana sa oksijan, ko daga tulun ƙarfe ko daga injin da ke tace ta daga iskar ɗaki. Injin nan da wuta yake aiki, shi ya sa CSI da ke da farantin hasken rana ta fi kwanciyar hankali in wuta ta ɗauke.

Oksijan ba ta warkar da ciwon da kanta. Tana riƙe mutum ne har magani ya samu lokacin yin aikinsa. Don haka a bar robar inda take, uwa tana iya ba da nono da ita a hancin yaro. Kuma kada a kunna sigari, ashana ko turaren wuta kusa da ita, don tana ƙara wa wuta ƙarfi.

To yaya za a gane cewa numfashin yaro ya kai a tashi? A ɗaga rigarsa lokacin da ba ya kuka, a duba agogon salula, a ƙirga sau nawa ƙirjinsa ke tashi cikin minti ɗaya cur. Jariri da bai kai wata 2 ba, in ya kai 60, ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa 11, iyakar 50 ce. Daga shekara 1 zuwa 5, 40. Wannan saurin numfashi tare da tari shi ne alamar ciwon haƙarƙari, kuma in an kama shi da wuri, amoksisilin da ake samu a kaz-da-sante ko wajen rele na gari yakan isa. Amma in ƙasan haƙarƙari na lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska, ko yana gurnani, ko leɓe da harshe sun sauya launi, ko ya kasa kama nono, ba maganar kwana a gida. A nemi kabu-kabu ko amalanke a daren.

Da damina kuma palu ce babbar mai kawo mana gaggawa. Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin yara na asibitin Madarunfa ko na Magarya tsakanin Agusta da Oktoba ya san abin da muke nufi. Maganin rigakafin da ake rabawa gida-gida ga yara ƴan wata 3 zuwa 59 yana rage ta ƙwarai, amma bai hana wasu kamuwa ba. Masassara ta zama mai tsanani in yaro ya fara jijjiga, ko yana amai da duk abin da ya sha, ko barci ya yi masa nauyi ba ya farkawa, ko tafin hannunsa ya yi fari fat. A nan ƙwayar haɗiya ba ta da amfani. Allurar artesunat ake yi, wani lokaci da ƙarin jini. A wasu kaz-da-sante ana cusa wa yaron da bai kai shekara 6 ba artesunat ta dubura kafin a tura shi gaba. Muna jan hankali sosai a nan: wannan na riƙon hanya ne kawai. Yaro na iya buɗe ido bayansa, iyaye su ce ya samu sauƙi su juya gida, kwana biyu ciwon ya dawo da ƙarfinsa.

Jijjiga ita ce ta fi ruɗa gida, kuma a cikin ruɗewar ake yin ɓarna. Mai tura cokali a baki na yi, mai ɗura rubutu na yi, wani ya kawo hayaƙi. Ba mu hana kowa addu'a ba, a yi ta a kan hanya. Amma wanda ba ya cikin hayyacinsa ba ya iya haɗiya, ruwan da aka ɗura masa huhu yake tafiya. A kwantar da shi a gefensa, a kawar da abin da zai ji masa rauni, a rage masa tufafi in jikin da zafi, a duba lokacin da abin ya soma. Jijjigar da ta wuce minti 5 sai da diyazepam, wanda ma'aikacin lafiya ke sa wa ta dubura ko ta jijiya, kuma shi ya san awon da ya dace da nauyin yaro, don in ya yi yawa yana danne numfashi. Sau da yawa yakan haɗa da ruwan sukari ta jijiya, saboda palu na zubar da sukarin jini.

Manya ma ba a bar su a baya ba. Da hunturu, mai fuka kan wayi gari ƙirji na fito, ya kasa ƙarasa magana ba tare da ya tsaya jan iska ba. A zaunar da shi, kada a kwantar, ya shaƙi Ventoline ɗinsa. In bai sake shi ba, sai likita, can za a ƙara masa maganin da oksijan. Mai ciwon sukari da ke kan magani, in ya soma gumi da rawar jiki yana surutai, a jiƙa masa sukari ya sha muddin yana iya haɗiya. Wanda kuma fuskarsa da leɓensa suka kumbura, numfashi ya toshe jim kaɗan bayan allura ko harbin zuma, allurar adrenalin a cinya ce ke ceton sa, kuma mintoci ake ƙirgawa. Wannan na cikin dalilan da ya sa ba mu son allurar ƴan tebur a kasuwa: in jiki ya ƙi ta, ba su da abin tarewa.

Ku kuma ƴan uwa da ke ci-rani, ku ake fara kira in abu ya taso, sau da yawa ma ku ake jira ku ce a tafi. Ku ce a tafi tun kafin ku tashi neman Nita ko Al Izza, kuɗin ya same su a can. Tun 2006 dokar ƙasarmu ta ce kula da yaran da ba su kai shekara 5 ba kyauta ne, ko da yake kowa ya san wani lokaci ana rubuto magani a saya a farmasi, ga kuma kuɗin mai. In akwai rezo, ku sa a nuna muku ƙirjin yaron ta bidiyon WhatsApp ku ƙirga tare. A tafi da karnen yaro da kwalin duk maganin da aka riga aka ba shi a gida, har na gargajiya a faɗa wa majo, don da shi zai san abin da zai ƙara da abin da zai bari.