Gefen Gonar Ƙasa

  Karatunmu na yau yana cikin Littafin Firistoci sura 19, aya 9 da 10. Wanda yake da Littafi Mai Tsarki a kusa sai ya buɗe.

Duk wanda ya girma a ƙauye ya san kala. In an gama girbin dawa, ko an cire gyaɗa, sai ka ga tsofaffi da yara sun bi gona da ƙwarya suna tsintar abin da ya rage. A wurinmu, sai mai gona ya ga dama yake barinsu su shiga. Amma a ƙasar Isra'ila doka ce. Ubangiji ya hana manomi girbe gonarsa har gefe, ya kuma hana shi komawa ya tattara abin da ya zuba. Ko dami ya manta a gona, Maimaitawar Shari'a sura 24 ta hana shi komawa ya ɗauko. Wannan rabon baƙo ne, da maraya, da gwauruwa.

Ta wurin wannan doka ce Rut, mutuniyar Mowab, ta ciyar da kanta da surukarta Na'omi a Baitalami. Ta yini tana kala a gonar Bo'aza, da yamma ta sussuke, ta sami sha'ir abin da ya ɗan fi garwa guda. Muna yabon kirkin Bo'aza, ya kuwa cancanci yabo. Amma mu tuna, tun kafin a haifi Bo'aza dokar tana nan. Allah bai bar abincin gwauruwa ya rataya a kan halin mai arziki kaɗai ba, gama ya san zuciyar mutum. Yau ta yi taushi, gobe ta taurare.

To, ina gefen gonar ƙasarmu Nijeriya, su wane ne kuma masu kala?

A watan Nuwamba na 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da sakamakon wani babban bincike. Ba kuɗin aljihu ta ƙirga ba. Ta duba ko gida yana samun abinci, da ruwa mai tsabta, da asibiti a kusa, da aikin yi, ko kuma yaran gidan suna makaranta. Ta iske mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari na 'yan ƙasa, suna cikin talauci, miliyan 86 daga cikinsu kuwa a Arewa suke. A cikin yara abin ya fi muni: yaro biyu cikin kowane uku. A 2022 ɗin kuma hukumar UNESCO ta ce wajen yara da matasa miliyan 20 ne ba sa makaranta a Nijeriya. Mun san fuskokinsu. Su ne masu tallar ruwa a tasha da hantsi, wasunsu kuma suna zaune a benci na gaba a makarantar Lahadi.

Abin da da yawa cikinmu ba su sani ba shi ne, ƙasar nan ma tana da dokar kala. A 1999 Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai ɗaya, wato UBE, a Sakkwato, a 2004 kuma shirin ya zama doka. Dokar ta ce kowane yaro zai yi karatun shekara 9, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, kyauta kuma dole. Ta lissafta abubuwan da za a bayar kyauta a makarantun gwamnati: littattafai, da kayan koyarwa, da azuzuwa, da kujeru, har da abincin rana. Ta ce wanda ya karɓi kuɗin makaranta a kan waɗannan ya yi laifi. Ta kuma umarta a keɓe aƙalla kashi 2 cikin ɗari na babban asusun kuɗin shigar tarayya domin wannan aiki. Ga gefen gona ke nan.

Ga yadda kuɗin yake tafiya. Hukumar UBEC a Abuja ce take riƙe da shi. Kafin jiha ta karɓi rabonta na gine-gine, sai ta ajiye nata rabin kuɗin aikin, sa'an nan hukumar SUBEB ta jihar ta yi aiki da shi. In jiha ba ta ajiye nata ba, na tarayya ma ba ya fitowa. Shugabannin UBEC sun sha kuka a fili cewa biliyoyin naira sun yi shekaru a asusu domin wasu jihohi ba su kawo nasu kason ba. Dami yana kwance a gona, yara kuwa suna zaune a ƙasa cikin aji marar rufi.

Batun abincin rana ma haka. A 2016 gwamnatin tarayya ta fara ciyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku na firamare, a kan naira 70 kowane yaro. A Janairun 2024 aka dakatar da shirin tare da wasu shirye-shiryen tallafi, 'yan watanni bayan cire tallafin man fetur na Mayun 2023, lokacin da farashin mudu ya tashi. Yaron da bai karya ba, ba ya jin malam. Uwar da ba ta da abin ɗora tukunya kuwa za ta aza wa 'yarta faranti ta tura ta talla. Kada mu yi saurin zarginta.

Watakila wani zai ce, wannan maganar gwamnati ce, mu namu addu'a da baiko. Lalle mu yi addu'a, mu kuma bayar. Zumuntar mata ta rufa wa gidaje da yawa asiri da mudun hatsi. Amma baikonmu duka ba zai gina wa yara miliyoyi azuzuwa ba. Mu dubi Nehemiya sura 5. Talakawa da matansu suka kawo kuka cewa sun jinginar da gonakinsu domin hatsi da harajin sarki, har 'ya'yansu sun shiga bauta. Nehemiya ya fara yin tunani a ransa, sa'an nan ya tara manya, ya faɗa musu laifinsu a gaban jama'a, ya sa suka yi rantsuwa za su mayar da gonakin. Karin Magana sura 31 ma ta umarta a buɗe baki domin wanda ba shi da murya.

Me za mu yi, mu da ba gwamnoni ba? Na fari, dattawan ikkilisiya su ƙirga yaran unguwa da ba sa makaranta, gida gida, su tambayi dalili. Na biyu, makarantun gwamnati suna da kwamitin al'umma da ake kira SBMC, inda iyaye da shugabannin gari suke da kujera. Mu shiga, mu riƙa halartar taro. Na uku, in ana korar yara saboda wani kuɗi, mu je wurin shugaban makaranta da ladabi mu ji abin da ya sa. Sau da yawa shi ma alli ya rasa. Daga nan mu kai maganar a rubuce ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Na huɗu, mu tambayi ɗan majalisar jiharmu, musamman sa'ad da ya zo neman ƙuri'a, ko jiharmu ta biya kasonta ta karɓo kuɗin UBE. Mu tafi tare da maƙwabtanmu Musulmi, gama aji ɗaya 'ya'yanmu suke zama, ɗa kuwa na kowa ne. Mu faɗi gaskiya ba tare da zagi ba.

Ɗan'uwa mai gona, kai ma ka duba naka gefen. Yarinyar da take maka aikin gida, tana zuwa makaranta?

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, uban marayu, ka gafarta mana shirun da muka yi. Ka ba shugabanninmu tsoronka, ka ba mu ƙarfin hali da tawali'u mu yi magana domin ƙanana. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.