Babi na Tara: Wutsiyar Aikatau da Mazaunin Bayanau a Ingilishi

Ɗalibi a Dogondutsi ko Tibiri yakan haɗu da Ingilishi ne a ajin farko na kwaleji, bayan ya shekara shida Faransanci na zama a kansa. Daga nan duk jimlar da zai ƙera sai ta ratsa ta Faransanci tukuna, alhali Hausar da ya tashi da ita ta fi kusa da abin da yake nema. Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki, maganar ta wuce ta masu shirin BEPC kawai.

Ga jimlar da malaman Ingilishi a Arewa suka gaji da ja mata jan biro: "He speaks well English". Faransanci ne tsantsa, don Bafaranshe "Il parle bien l'anglais" yake cewa. Ingilishi ba ya barin bayanau ya tsaya tsakanin aikatau da karɓau, sai dai "He speaks English well". To wane Bahaushe ne zai ce "yana jin sosai Ingilishi"? "Yana jin Ingilishi sosai" muke cewa, jeri iri ɗaya ke nan.

Babban aikin yana ga ƙananan kalmomin nan, up, off, on, out, in, waɗanda ake haddace wa yara a jeri guda kamar duk jinsinsu ɗaya. Ba ɗaya ba ne. Direban da ya taso daga Doso ya bar babbar hanyar Ƙonni ya nufi Matankari, "he turned off the road". Idan kuma ya kashe rediyon motar, "he turned off the radio". A ido babu bambanci. Amma a ta farko off harafi ne na gaban suna, da hanya yake tafiya. A ta biyu bayanau ne da ya manne wa aikatau, ni ina ce masa wutsiya, shi da turn sun zama kalma ɗaya mai nufin kashewa. Irin wannan aikatau ne ake kira phrasal verb, sunan da Logan Pearsall Smith ya yaɗa a rubuce a 1925, Dwight Bolinger kuma ya yi wa batun littafi sukutum a 1971.

Gwajin ba shi da wuya. Wutsiya tana iya tsallake karɓau: "he turned the radio off". Harafin gaban suna ba ya motsi, babu "he turned the road off". In wakilin suna ne, tsallakewar ta zama dole, "he turned it off". Sai gwajin da ya fi daɗi, na bayanau. "He turned slowly off the road" daidai ne, haka "listen carefully to the teacher" da "farmers rely heavily on the rain". Amma "he turned slowly off the radio" ta karye. A nan slowly ya koma gaban aikatau ko ƙarshen jimla.

Abin da ke ba ni haushi shi ne a ce wannan wani baƙon abu ne da sai an hadiye shi da ƙyar. Aikin da Ingilishi ke yi da wutsiya, Hausa a ƙarshen aikatau take yin sa, kullum, a kowace kasuwa daga Gecheme har Dan Kasari. Yaro ya ci tuwo, yaro ya cinye tuwo. Ya sha fura, ya shanye fura. Cinye shi ne "eat up", shanye shi ne "drink up", up ɗin nan ba ruwansa da sama, ƙarewa kaf yake nufi. Fita da fito, shiga da shigo, kai da kawo: wasali ɗaya ko gaɓa ɗaya ta nuna ko abin yana nufo mai magana, abin da Bature sai ya sauya go da come, ko take da bring, kafin ya faɗa. F. W. Parsons, masanin Hausa na Landan, ya kasa waɗannan sigogi giredi bakwai a 1960, tsarin da ake koyarwa a jami'o'i har yau. Kuma mu ma muna da aikatau mai wutsiya. A ce "ya sayar da gero jiya", lafiya lau. A ce "ya sayar jiya da gero", kunne ya ƙi. Wannan ƙin da kunnenka ya yi, shi ne abin da Bature ke ji in an raba turn da off da bayanau. Malamin da ya nuna wa aji wannan ya rage wa kansa rabin wahala.

Masu kalma uku, irin "put up with" da "look forward to", a haddace su ɗungurungum, karɓau na zuwa bayan ta ƙarshe. Right da straight kuma suna shiga inda saura ba sa shiga: "come straight back".

Akwai wata doka da ake ta yayatawa, wai haramun ne jimlar Ingilishi ta ƙare da harafin gaban suna. Ƙarya ce mai dogon rai. Mawaƙin Ingila John Dryden ne ya soki Ben Jonson a kan haka a 1672, yana auna Ingilishi da ma'aunin Latin, wanda ba ya barin harafi a ƙarshe. Robert Lowth, wanda ake jingina wa dokar, a nahawunsa na 1762 ya yarda cewa harshen da kansa can ya karkata, ya dai fi son ɗaya salon a rubutu mai nauyi. Ƴan lakwal ɗinmu sun rungumi dokar hannu bibbiyu don ta yi daidai da Faransanci, inda à ba ya rabuwa da qui, kamar a "À qui parles-tu?". Ana kuma ba da labarin Winston Churchill, wai wani ma'aikaci ya gyara masa jimla, shi kuwa ya mayar da martani da jimlar da ya murɗe "put up with" da gangan don ba'a. Masu bincike ba su samo ta a rubutunsa ba, amma ma'anar ba'ar tana nan: wutsiya ba harafin gaban suna ba ce, ba a ɗauko ta a kai gaba. "Who are you talking to?" ingantacciya ce, "sit down" kuwa ko harafi babu a ƙarshenta.

Wuri ɗaya Hausa ke yaudara. Muna cewa "mutumin da na yi magana da shi", sai ɗalibi ya rubuta "the man I spoke with him". A jefar da him. Ɗan kasuwar da ke shiga Kamba ko Argungu kuma zai ji ana cewa "off the light", an mai da wutsiyar ta zama aikatau ita kaɗai. A kasuwa kowa zai gane, mai gyaran jarrabawa kuwa zai ja mata layi.

Saboda haka, mai karatu, in ka rasa inda za ka ajiye bayanau, fara faɗin jimlar da Hausa kafin ka tuna da Faransanci.