Shirin Musamman: Tara Tsofaffin Motocin Rimot da Gyara Su

Motar rimot ƙaramar mota ce da ake tuƙawa daga nesa da siginar rediyo. Mai tuƙi yana tsaye riƙe da rimot, ita kuma tana gudu, tana shan kwana, tana ja da baya bisa umarninsa. Iri biyu ce. Akwai ta wasan yara, wadda ake gani a Babbar Kasuwar Yamai da shagunan unguwanni irin su Dar es Salam, musamman idan salla ta gabato. Yawancinta daga Sin take zuwa a haɗe, kuma da zarar giyarta ta cinye, sai bola. Akwai kuma wadda ake sayarwa gunduwa-gunduwa cikin kwali tare da littafin haɗawa, mai saye ya zauna ya ɗaura ta da hannunsa. A wannan iri na biyu kowace kusa da kowace giya tana da lambarta, ana iya kwance ta a sa wata. Dalilin da ya sa ke nan motar da aka ƙera shekara 40 da suka wuce take iya tashi a yau, kuma ita ce masu tara tsofaffin motocin rimot suke nema.

Abubuwa huɗu ne ke sa motar aiki. Na farko rimot, wanda ke aika sigina. Na biyu ƙaramin akwatin da ke cikin motar, mai karɓar siginar ta eriya. Na uku sarbo, na'urar da ke mayar da sigina motsi: ɗaya tana juya tayoyin gaba, ɗaya kuma, a tsofaffin motoci, tana ƙara wuta ko ta rage. Na huɗu inji. Wasu motocin injin lantarki gare su da batir, wasu kuma ɗan ƙaramin inji mai shan wani mai na musamman, haɗin metanol da naitiromitan da man shafawa. Mafi yawan waɗanda ake tarawa girmansu kashi 1 cikin 10 ne na motar gaske, wato tsawon kusan santimita 40. Akwai kuma na 1 cikin 8 da na 1 cikin 12.

Sarrafa abu daga nesa da rediyo ya girmi waɗannan motoci sosai. A 1898 Nikola Tesla ya nuna wani ɗan kwalekwale a birnin New York na Amurka yana tafiya kan ruwa ba tare da waya ta haɗa shi da mai tuƙi ba. Sai da tiransisto ta ƙanƙantar da kayan rediyo sannan mota ta samu shiga. A 1966 kamfanin El-Gi na Italiya ya fito da ƙaramar Ferrari 250LM mai rimot, kuma a farkon shekarun 1970 kamfanoni irin su Mardave a Ingila da Associated a Amurka suka shiga ƙera motocin tsere.

Bunƙasar harkar daga Japan ta zo. Kamfanin Tamiya, wanda Yoshio Tamiya ya kafa a Shizuoka a 1946 a matsayin wurin yankan katako, ya fitar da motarsa ta farko mai rimot a 1976, wato Porsche 934. A 1979 ya kawo Rough Rider da Sand Scorcher, motocin da suka bar kwalta suka shiga yashi da turɓaya. Ta biyun tana da jikin Volkswagen mai ƙirar kunkuru. A 1984 Grasshopper da Hornet suka fito da farashi mai sauƙi, suka shiga gidaje da yawa a Japan da Turai da Amurka. Kamfanin Kyosho ya yi Scorpion a 1982 da Optima a 1985. Associated kuma ya fito da RC10 a 1984, mai ƙasan alminiyam ruwan zinariya, kuma da ita Jay Halsey ya ci gasar duniya ta 1985 a ƙarƙashin IFMAR, hukumar wannan tsere da aka kafa a 1979. Masu tarawa suna ba da daraja ta musamman ga motocin Tamiya 100 na farko, masu lamba daga 58001 zuwa 58100, waɗanda suka fito tsakanin 1976 da 1991.

Nijar tana da hannu a wannan tarihi ta wata ƙofa. Tseren Paris zuwa Dakar, wanda Thierry Sabine ya fara a ƙarshen Disamban 1978, ya bi ta Agadas da Yamai tun a karonsa na farko, kuma shekaru da dama hamadar Tenere ce wurin da ake gwada ƙarfin mota da direba. Mitsubishi Pajero ta ci tseren 1985, Porsche 959 ta René Metge ta ci na 1986, wanda shi ma ya ratsa Nijar. Tamiya ya ƙera Pajero mai rimot a 1984, sannan a 1986 ya fitar da Porsche 959 da irin adon wadda ta yi tseren. Ke nan wasu daga cikin motocin da ake nema ruwa a jallo a yau kwaikwayo ne na motocin da mutanen Agadas da Yamai suka gani da idonsu suna wucewa cikin ƙura.

Sha'awar ƙaramar mota kuwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Yara sun daɗe suna ƙera motar kara, da motar gwangwani, da motar waya mai dogon sitiyari da ake turawa a tsaye, tayoyinta na murfin kwalba ko na tsohon silifa. Mai ƙera motar waya ya riga ya san yadda sanda ɗaya take juya tayoyi biyu a lokaci guda, kuma aikin da sarbo yake yi ke nan. Sauran ilimin da gyaran yake buƙata yana hannun masu gyaran rediyo da wayar salula, waɗanda suka saba da dalma da mitar gwada wuta, da kuma maƙera da masu tsofaffin kaya na kasuwar Katako.

Ba kowace tsohuwar mota ce mai daraja ba. Masu tarawa suna kasa su gida uku. Mafi tsada ita ce wadda ba a taɓa haɗawa ba, tana cikin kwalinta, ledojinta a rufe. Sai wadda aka haɗa amma ba a tuƙa ba. Sai wadda ta sha gudu, ta ci duka, wadda ita ce ake gyarawa. Abin da ke ɗaga farashi shi ne cikar kayan asali: jiki, tayoyi, sitika, kwali da littafin haɗawa. Tun daga shekarun 2000 kamfanonin sun koma ƙera wasu tsofaffin samfura. Hornet ta dawo a 2004, Grasshopper a 2005, Sand Scorcher a 2010, RC10 a 2013, Scorpion a 2014. Wannan ya sauƙaƙa samun kayan gyara, amma ya kawo ruɗani, domin ana iya sayar da sabuwa da sunan tsohuwa. Ana bambance su da rubutun sitika, da tambarin da ke jikin robar, da ƙananan sauye-sauyen ƙira.

Gyara yana farawa ne da gano motar. Ana duba sunan kamfani a ƙasanta, a nemi littafinta, wanda sau da yawa ana samun hotonsa a intanet. Kafin a taɓa kusa ko ɗaya, ana ɗaukar hoton kowane ɓangare da waya, sannan a riƙa zuba kusoshin kowane sashe a gwangwaninsa daban, domin kusa mai tsawo idan ta shiga ramin gajera tana fasa roba. Kusoshin Japan suna da kai mai ɗan bambanci da waɗanda aka saba da su, don haka sukudireban da bai zauna daidai ba yana cinye kansu.

Bayan kwancewa sai wanki. Ruwan ɗumi da sabulu da tsohon burushin haƙori sun isa. Fetur da tina suna narkar da roba ko su sa ta tsage, don haka ba a kusanto da su. Farin garin da batir mai yoyo yake bari a kan ƙarfe ana goge shi da ruwan lemun tsami, a ɗauraye, a shanya a inuwa. Farar robar da ta koma rawaya wasu suna jiƙa ta a ruwan haidurojin da ake wanke rauni da shi, su ajiye a rana ta yi haske, sai dai launin yakan dawo bayan wani lokaci, kuma yawan yin haka yana raunana robar.

Daga nan sai akwatin giya. Tsohon giris yakan daskare ya haɗu da yashi, ya zama abin da ke cin haƙoran giya. Ana kankare shi, a duba kowane haƙori, a sa sabon giris kaɗan wanda bai cin roba. Motoci da yawa na wancan zamani zoben roba ko na tagulla suke da shi a wurin da ƙarfe ke juyawa, kuma masu son tuƙi suna musanya shi da boris. Injin lantarkin yawanci ƙirar Mabuchi ne, 380 ko 540, kuma har yanzu ana samun irinsa. Wajen mayar da kusa cikin tsohuwar roba, ana fara juya ta baya har ta faɗa tsohon zarenta, sannan a ɗaure a hankali.

Ɓangaren wuta shi ya fi buƙatar lura. Tsofaffin rimot suna aiki a kan mita 27 ko 40 na megahaz, wasu 75 a Amurka, kuma kowanne yana da ƙwayar kiristal da dole ta dace da ta cikin motar. A mita 27 akwai tashoshi shida da ake ganewa da launin ƙyallen da ke kan eriya. Idan mutum biyu suka hau tasha ɗaya, motar ɗaya sai ta bi umarnin ɗayan. Rimot na zamani mai gigahaz 2.4 ya kawar da wannan matsala. Na'urar ƙara gudu ta zamanin da hannun ƙarfe ne da sarbo ke gogawa a kan faranti, tare da rezista mai zafi har ta ƙona yatsa, kuma idan ta maƙale motar sai ta ruga ba birki. Saboda haka ake gwajin farko tayoyi a sama. Batir ɗin asali yawanci na nikel da kadmiyam ne, ƙwaya shida, bolt 7.2. Kadmiyam guba ne, ba a fasa shi, ba a jefa shi a wuta ko inda yara da dabbobi suke. Ana maye gurbinsa da sabon batir mai ƙarfi daidai da nasa. Cajar da ta zo daga Japan ta bolt 100 ce, ta Amurka ta 120, wutar Nijar kuwa 220 ce, don haka sai an karanta rubutun jikinta kafin a jona.

Jikin motar iri biyu ne. Mai tauri ana goge shi da takardar yashi mai laushi a fesa fenti ta waje. Mai laushi, wanda ake gani ta cikinsa, ta ciki ake fentinsa, da fenti na musamman da ba ya ɓarewa idan jikin ya lanƙwasa. A nan ne masu harkar suka rabu biyu. Wasu suna ganin kada a taɓa fentin asali ko da ya kwarzane, domin shi ne shaidar shekarun motar. Wasu suna son ta koma kamar ranar da ta fito. Da yawa suna bin tsakiya: su ajiye jikin asali da tayoyinsa, su sa na kwaikwayo idan za su fita tuƙi.

Yanayin Yamai yana da nasa sharuɗɗa. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, kuma a ƙarƙashin rufin kwano ya fi haka. Irin wannan zafi yana busar da tayoyi su tsattsage, yana lanƙwasa roba, yana ɗaga sitika, yana kuma kumbura batir na litiyam har ya iya kamawa da wuta. Ƙurar hunturu tana shiga giya da inji, damshin damina yana kawo tsatsa, gara kuma tana cin kwali da littafi. Saboda haka ana ajiye motar a rufaffen akwati ko kabad nesa da taga, a ɗora ta kan ɗan katako don kada nauyinta ya baje tayoyi, a cire duk wani batir daga cikinta da cikin rimot. A layukan yashi irin na Dar es Salam, ba a shafa giris a sassan da ke waje, domin yana kama yashi. Ana barin su a bushe, a kakkaɓe da burushi bayan kowane tuƙi. Ana kuma neman fili nesa da hanyar motoci da babura, da safe ko da yamma lokacin da ƙasa ta huce.

Kayan gyara na asali sai an yi odarsu daga waje ko ta hannun matafiya, abin da ke ƙara tsada da jira. Amma ba duka ba. Waya, makunni, kusoshi da sifirin ana samunsu a tsofaffin rediyo da firinta, maƙeri yana iya yanka ƙaramin faranti na alminiyam, kuma na'urar ɗab'i mai fitar da siffar abu tana iya ƙera gunduwar robar da aka daina yi. Ƙa'idar masu harkar ita ce a faɗa wa mai saye duk abin da aka musanya, kuma a haɗa masa da tsohon kayan da aka cire.

Mai sauraron da ke da irin wannan mota a ɗakin ajiya, ko ya ci karo da ita a cikin kayan gwanjo, abu uku ne a gabansa kafin komai: ya cire batir, ya nisantar da ita daga rana, ya kuma adana kwalinta da littafinta da duk gunduwar da ta ɓalle. Roba da ta karye ana iya samun madadinta, amma kwali da sitika na asali idan suka lalace ba a sake samunsu cikin sauƙi, kuma su ne ke riƙe da babban kaso na darajar motar.